Elden Ring Ga Sabon Shiga: Yadda Mai Biyan Kuɗin Awa A Gidan Gem Zai Rage Mutuwa Da Asara

Matashin da ya saba da gem ɗin ƙwallo ko Mortal Kombat a gidan gem na Shanono, ranar da aka fara miƙa masa hannu aka ce ga Elden Ring, kusan abu ɗaya ne ke faruwa da shi. Zai fito daga ƙarƙashin ƙasa, ya hango wani ƙaton mahayi sanye da sulken zinare yana kai-komo a kan hanya, ya ruga masa da takobi. Sara biyu, an gama da shi. Ya tashi ya koma, a sake. Kafin ya ankara lokacin da ya biya ya ƙare, janareto ya sha mansa, na bayansa ya miƙo hannu.

Sunan mahayin nan Tree Sentinel, kuma ba don a yaƙe shi a ranar farko aka ajiye shi a wurin ba. An sa shi ne don ya koya wa ɗan wasa cewa a wannan gem ɗin ana ganin abokin gaba a kauce masa. Wanda ke biyan kuɗi bisa lokaci shi ya fi kowa buƙatar gane haka, domin agogo na tura shi ga gaggawa, shi kuwa gem ɗin babu abin da yake hukuntawa kamar gaggawa.

Kamfanin FromSoftware na Japan ne ya yi Elden Ring ƙarƙashin jagorancin Hidetaka Miyazaki, marubucin nan na Amurka George R. R. Martin kuma ya taimaka wajen tsara tarihin duniyar cikinsa. Ya fito ranar 25 ga Fabrairun 2022 a PS4, PS5, Xbox da kwamfuta, ya kuma lashe kambun gwarzon gem na shekarar a bikin The Game Awards. Tatsuniya ce ta dodanni, mayaƙa da tsafi, akwai jini a ciki, don haka ba na ƙananan yara ba ne. Yana aiki ba tare da intanet ba, wanda shi ne babban abin da ya sa zai yiwu a buga shi a ƙauye.

Zaɓin farko

Gem ɗin na buɗewa da jerin mutum goma da za a zaɓi ɗaya. Sabon shiga ya ɗauki Vagabond ko Samurai. Vagabond ya fi sauran jini, kuma garkuwarsa na tare saran takobi gaba ɗaya. Sai dai yana zuwa da kaya fiye da ƙarfinsa, shi ya sa idan ya yi birgima yake faɗuwa tim kamar buhun dawa. Maganin shi ne a shiga Equipment a cire masa dogon gatarin da ake kira Halberd. Ƙa'idar ita ce nauyin kaya kada ya kai kashi 70 cikin 100 na abin da mutum zai iya ɗauka, a ga an rubuta Medium Load. Samurai kuma yana da takobi mai sa abokin gaba zubar da jini, ga baka da kibiya. Wretch, wanda ke zuwa tsirara da kulki, na masu neman wahala ne. A wajen zaɓen guzuri, Golden Seed ya fi amfani, don yana ƙara kwalbar magani guda.

Dodon farko mai hannaye barkatai an yi shi ne don ya yi nasara, kada mutum ya damu. Bayan shi akwai wani rami da ake tsallakawa ciki, Cave of Knowledge, inda ake koyar da maballai. Mutane da yawa na wuce shi saboda sauri, alhali mintunan da aka kashe a nan su ne mafi riba a duk awar farko.

Runes ba na ajiya ba ne

Duk abin da aka kashe yana ba da Runes, su ne kuɗin sayayya kuma su ne kuɗin ƙara ƙarfi. Idan mutum ya mutu, duk abin da ke hannunsa zai zube a inda ya faɗi. Yana da dama ɗaya tak ya koma ya kwashe. In ya sake mutuwa a hanya, sun tafi ke nan har abada. A nan ne sabbi ke yin babbar asara: mutum ya tara dubu biyar, ya ce bari ya ɗan ƙara kafin ya kashe, ya shiga kogon da bai sani ba da su a aljihu. Duk lokacin da Runes suka isa ƙarin mataki ɗaya, a koma wurin hutu mai hasken zinare, wato Site of Grace, a kashe su. Wanda zai shiga wajen bos ya shiga da aljihu wayam. Su kuwa Golden Rune da ake tsinta a ƙasa ba sa zubewa idan an mutu, don haka a bar su a jaka sai ranar buƙata.

Amma ba a iya ƙara mataki sai an haɗu da Melina. Hanyar ita ce: daga fitowa, a zagaye mahayin zinare ta cikin bishiyoyi a isa Church of Elleh, inda ɗan kasuwa Kalé yake zaune. Daga nan a bi hanya arewa zuwa Gatefront a huta. Melina za ta bayyana, ta buɗe damar ƙara ƙarfi, ta kuma ba da usur ɗin kiran doki, Torrent. A kangon da ke kusa akwai wani dogon dutse a bakin hanya, taswirar yankin na gindinsa. Bayan an samu dokin, a koma Church of Elleh da dare. Wata mayya mai suna Renna za ta ba da ƙararrawar kiran mataimaka tare da kyarkeci uku. Waɗannan kyarketai kan ɗauke hankalin bos yayin da mutum ke shan magani. Akwai masu cewa kiran su ragwanci ne. Masu faɗin haka galibi gem ɗin na ɗakinsu ne, ba wanda ke ƙirga musu minti.

Ina za a zuba matakan? Vigor. Shi ne jini. Sabon shiga kan zuba komai a Strength yana zaton saransa zai ƙaru, amma a farkon gem ƙarin ba shi da yawa. Abin da ke ƙara wa makami kaifi da gaske shi ne gyara shi da Smithing Stones, waɗanda ake samu da yawa a ramukan haƙar ma'adinai. Teburin ƙira na Church of Elleh na kai makami har +3, daga nan sai wajen maƙeri Hewg a Roundtable Hold. Don haka Vigor ya kai 20 kafin a tunkari babban bos na farko, a ci gaba da shi a hankali har 40, sauran kuma a ba makami abin da yake buƙata kawai. In an yi kuskuren rabo, can gaba bayan an ci Rennala ana iya sake rabawa da Larval Tear.

Margit, da dalilin juyawa kudu

Hasken da ke fita daga wurin hutu na nuna hanyar Stormveil, inda Margit ke tsare ƙofa. A nan ne mutane da yawa ke ajiye gem ɗin. Margit na ɗaga sandarsa ya riƙe ta a sama, ya jira mai tsoro ya yi birgima, sannan ya sauke. Danna da'ira babu ƙaƙƙautawa mutuwa ce, domin kowace birgima na cin koren layin numfashi, kuma kariyarta ta ɗan ƙanƙanin lokaci ce. Ana kallon hannunsa ne, a yi birgima daidai lokacin da saran ya taho, sau da yawa ma ta wajensa ba baya ba. Sara ɗaya ko biyu, a ja da baya. Mai garkuwa kuma yana da wata dabara: ya tare da L1, nan take ya danna R2, ramuwar na da ƙarfi sosai.

Mafi alheri dai kada a je masa da wuri. A hau doki a yi kudu, a ƙetare Bridge of Sacrifice a shiga Weeping Peninsula. Abokan gaba a can sun fi sauƙi, kuma akwai kangayen majami'u uku da kowanne ke da Sacred Tear, abin da ke ƙara ƙarfin kwalbar magani. A gabashin Limgrave, Third Church of Marika na da wata, tare da kwalbar haɗi ta musamman. Patches, wanda ke Murkwater Cave, yana sayar da Margit's Shackle a kan Runes 5,000, tana danne Margit ƙasa na ɗan lokaci a farkon faɗan. Sai an yi faɗa da Patches tukuna, kuma idan ya roƙi gafara a daina saransa. Wannan ya shafi duk wanda ke magana a gem ɗin: wanda aka kashe ba ya dawowa, hajarsa da labarinsa kan iya rikicewa.

Idan sama ta koma ja, an shiga Caelid, a juya. Akwai ma wani akwati a Dragon-Burnt Ruins da ke jefa mutum tsakiyar Caelid ɗin. Wanda hayaƙinsa ya kama ya ruga da gudu ya nemi ƙofar fita, kada ya tsaya faɗa.

Wuta, sebin, da na'urar haya

Elden Ring ba shi da maballin tsayarwa. Buɗe menu ba ya hana dodo sara. Idan an kira salla ko an aiko daga gida, a zauna a Site of Grace, nan ne babu mai taɓa mutum. Gem ɗin na yin sebin da kansa a kai a kai, kuma a nan haɗarin yake: in aka ɗauke wuta ko mai ya ƙare a janareto daidai lokacin da yake rubutawa, fayil ɗin na iya lalacewa. Saura minti biyar lokaci ya cika, a kashe Runes, a shiga System a zaɓi Quit Game, sannan a miƙa hannu.

Asusu ɗaya na ɗaukar 'yan wasa goma, don haka kowa ya buɗe nasa da sunansa, ya tabbata Load Game ya shiga ba Continue ba, domin Continue na buɗe na wanda ya tashi ne. A PS4 ana iya kwafe sebin zuwa filashi ta Settings, sai Application Saved Data Management. Ƙaramar filashi ta isa, da izinin mai shago.

Saura maganar waya. FromSoftware bai fitar da Elden Ring a Android ko iPhone ba. Gem ne da ke neman RAM 12GB da wajen 60GB na wuri a kwamfuta, don haka duk wani fayil ɗin APK mai ɗaruruwan megabait da ake yaɗawa da sunansa a WhatsApp ko YouTube ƙarya ne. Mafi sauƙin sharrinsa shi ne ya cinye data ya cika waya da talla, mafi muni kuma ya nemi izinin karanta saƙonni a wayar da ke ɗauke da manhajar banki. Bidiyon da ake gani ana buga shi a waya yawanci PS Remote Play ne ko Steam Link, inda gem ɗin ke gudana a na'urar gida, wayar allo ce kawai, kuma hakan na buƙatar intanet mai ƙarfi da ba ya yankewa. Wanda waya kaɗai gare shi kuma yana son irin wannan faɗan, Pascal's Wager da Grimvalor an yi su ne don waya, suna Play Store, kuma dabarar kallon hannun bos duk ɗaya ce.