Naira, riyal da dinari: masu jiran kuɗin wani ya tashi

A garin Ɗan Kassari, bisa babbar hanyar kwalta da ta taso daga Dogon Dutsi ta nufi Birnin Ƙonni, ɗan kasuwa ba ya rabuwa da aljihu biyu, ɗaya na sefa, ɗaya na naira. Iyakar Nijeriya tana nan kusa, kuma shekara da shekaru wake da bisashen ƙasar Arewa can suke nufa, kayan masarufi kuma daga can suke shigowa. Idan lokacin aikin hajji ya gabato sai aljihu na uku ya samu, na riyal. Magidancin da ɗansa ya tafi bida Libiya ko Aljeriya shi ma yana kasa kunne ga farashin dinari, ko da bai taɓa riƙe shi a hannu ba.

Masu hulɗa da kuɗin waje iri biyu ne. Akwai ɗan canji na sana'a, wanda ke saye da safe ya sayar da hantsi, ya ci ɗan abin da ke tsakani, ba ya yarda kuɗi iri ɗaya su daɗe masa da yawa. Akwai kuma wanda ya ji labarin cewa kuɗin ƙasa kaza zai tashi, ya kwashe jarinsa ko albashinsa ya saye, ya kulle cikin akwati yana jira. Na biyun nan ya ɗora dukiyarsa bisa hukuncin da wasu za su yanke cikin ɗakin da ba a gayyace shi ba, kuma tarihin ƙasar nan da na ƙasashen Larabawa ya nuna yadda irin wannan jira yake ƙarewa.

Dattawan kasuwa ba su manta da 1984 ba. A ƙarshen watan Afrilu na wannan shekara, gwamnatin soja ta Janar Muhammadu Buhari ta rufe iyakokin Nijeriya, ta canza launin takardun naira, ta ba mutane abin da bai kai mako biyu ba su kai tsofaffin takardunsu banki. Manufar ba a ɓoye take ba: a kashe nairar da ta ƙetare iyaka ta kwanta a hannun mutanen ƙasashe maƙwabta. Mutumin Sakkwato ya bi layi ya karɓi sabuwa. Wanda ke Arewa, ko Ƙonni, ko Maraɗi, da naira tare a ɗaki, sai dai ya bi ta daji ya ba wani amana ya canzo masa a kan abin da ya samu, ko kuwa ya zauna yana kallon dukiyarsa ta koma takardar ƙunshe ƙuli-ƙuli. A wannan shekarar ce damina ta ƙi, hatsin Nijeriya kuma ba hanyar shigowa, har mutanen karkara da dama suka sa wa yunwar suna El Buhari. Ba a buɗe iyakar ba sai cikin Maris na 1986.

Ko ba canjin launi, naira ta daɗe tana cin masu ajiye ta. A 1980, bisa farashin gwamnati, naira ɗaya ta fi dalar Amurka ɗaya daraja. Tsakanin 1994 da 1998 gwamnati ta tsayar da dalar Amurka a kan naira 22. A farkon 2024 dalar ta haura naira 1,500, jika guda ta sefa kuma tana sayen fiye da naira 2,000. A kowane mataki na wannan gangara an sami wanda ya ce ai ta kai ƙasa, yanzu sai tashi.

To me ya sa mutane ba su daddara ba? Domin kuwa an taɓa ganin waɗanda suka ci, kuma a gaban idon kowa. Tun cikin 1993 raɗe-raɗin karya darajar sefa ya cika ko'ina, masu hali suna fitar da takardun sefa jaka-jaka zuwa Turai suna mayar da su faran na Faransa, har babban bankin BCEAO ya daina sayen takardun da aka fitar waje daga farkon Agusta na wannan shekara. Hukumomi suka yi ta rantsuwa cewa ba abin da zai taɓa sefa. Ranar 11 ga Janairu 1994, a Dakar, wurin taron da aka ce an kira domin matsalar kamfanin Air Afrique, aka ba da sanarwa a gaban shugaban asusun FMI Michel Camdessus da ministan Faransa Michel Roussin: faran ɗaya na Faransa, wanda ke kan sefa 50 tun 1948, ya koma sefa 100. Wanda ya mayar da miliyon ɗaya na sefa faran 20,000 kafin wannan dare, ya wayi gari da miliyon biyu bai ɗaga ko tsinke ba. Ma'aikacin gwamnati kuwa, wanda a lokacin yake bin bashin albashin watanni, ya tarar da kuɗin magani, na shinkafar waje da na kayan gyaran babur sun yi sama. Sai dai a lura da waɗanda suka ci ɗin. Masu asusu a Paris ne, masu kunne kusa da ƙofar ɗakin. Mai tebur a kasuwar ƙauye a rediyo ya ji.

Irin wannan labari na arzikin dare ɗaya yana da babban misalinsa a ƙasashen Larabawa, kuma da shi ake ruɗin mutane har yau. Ranar 2 ga Agusta 1990 sojojin Saddam Husaini suka mamaye Kuwaiti, suka kwashe takardun kuɗi daga babban bankinta, dinarin Kuwaiti ya faɗi warwas a hannun waɗanda suka gudu da shi. Bayan an kori sojojin Iraƙi a Fabrairun 1991, gwamnatin Kuwaiti ta dawo, ta fitar da sababbin takardu cikin Maris, ta karɓi tsofaffi ɗaya bisa ɗaya, ban da masu lambobin da aka sata. Dinari ya koma matsayinsa na fiye da dalar Amurka uku. Wanda ya saye shi da arha lokacin mamaya, kuma ya yi sa'a takardunsa ba na sata ba ne, ya sami riba mai yawa. Amma Kuwaiti ƙasa ce mai mutane kaɗan, mai man fetur da yawa da dukiya jibge a bankunan waje, kuma ba ta taɓa buga kuɗi barkatai ba. Yaƙi ne ya kayar da dinarinta na ƴan watanni.

Mutanen Jodan suka ɗauka abin da ya faru da Kuwaiti zai faru da Iraƙi. Kafin yaƙin, farashin gwamnati na dinarin Iraƙi ya fi dalar Amurka uku, sai takunkumin Majalisar Ɗinkin Duniya ya durƙusar da shi. Ƴan kasuwa da talakawa a birnin Amman suka yi ta sayen takardar dinari 25 mai hoton dawakai, wadda aka buga a Turai kafin yaƙi, suna ajiyewa har ranar da za a ɗage takunkumi. A watan Mayu na 1993 Saddam ya soke takardar, ya rufe iyakokin ƙasarsa na ƴan kwanaki, ya ce sai wanda ke cikin Iraƙi zai canza. Dabarar Buhari ce sak, shekara tara bayanta. Abin da ya ƙara wa lamarin ɗaci shi ne, a Fabrairun 1989 Jodan da Iraƙi, tare da Masar da Yaman ta Arewa, sun kafa majalisar haɗin kai ta tattalin arziki a Bagadaza. Mamayar Kuwaiti ta kashe majalisar tun tana jaririya, ba ta ceci kuɗin kowa ba.

Bayan faɗuwar Saddam aka fitar da sabon dinari daga Oktoban 2003, sai cacar ta sake sabon salo. Wasu kamfanoni, musamman a Amurka, suka shiga sayar wa mutane damman dinari da alkawarin cewa gobe ko jibi za a mayar da shi dala uku. A 2018 wata kotu a birnin Atlanta ta sami shugabannin ɗaya daga cikin waɗannan kamfanoni da laifin zamba. Shi kuwa dinarin, a Disamban 2020 karya shi aka yi, dalar Amurka ta tashi daga wajen dinari 1,190 zuwa 1,460, a Fabrairun 2023 aka ɗan ɗaga shi zuwa wajen 1,300. Lissafin ba ya buƙatar ilimin jami'a. Takardun dinarin da babban bankin Iraƙi ya fitar sun kai wajen miliyar dubu 100 a 2023. In kowane dinari zai zama dala uku, kuɗin ya ninka abin da duniya duka ke samarwa a shekara kusan sau uku. Maganar share sifili uku da akan ji daga Bagadaza kuwa ba ta ƙara wa kowa ko dala: Gana ta share sifili huɗu daga sidi a 2007, mai sidi 10,000 ya karɓi sidi ɗaya, abin da zai saya da shi bai canza ba. Yanzu da wayar salula ke kai kowane irin labari har cikin bukka, ya kamata mai jin an ce masa dinari zai tashi ya tambayi mai sayarwar dalilin da ya sa yake rabuwa da shi.

Masu wannan talla sukan jingina da wata magana, wai ƙasashen Larabawa suna dab da yin kuɗin bai ɗaya, kuma ranar da aka yi, kowane kuɗi na yankin zai yi tsalle. Gaskiya ne an yi niyya. Ƙasashe shida na yankin Tekun Fasha, wato Saudiyya, Kuwaiti, Bahrain, Katar, Oman da Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa, sun kafa majalisar haɗin kansu a Abu Dabi cikin Mayun 1981, kuma Iraƙi ba ta ciki. A taron Maskat na Disamban 2001 suka sa 2010 a matsayin shekarar kuɗin bai ɗaya. Sun haɗe harajin duwan a 2003, sun buɗe kasuwar bai ɗaya a 2008. Amma Oman ta janye daga shirin kuɗin a ƙarshen 2006, Kuwaiti ta kwance dinarinta daga dalar Amurka a Mayun 2007, Haɗaɗɗiyar Daular kuma ta fice a Mayun 2009, kwanaki kaɗan bayan an zaɓi Riyad, ba Abu Dabi ba, ta zama mazaunin babban bankin. Shekarar 2010 ta zo ta wuce. A 2017 ma uku daga cikinsu suka rufe wa Katar iyaka da sararin sama, ba a sasanta ba sai Janairun 2021 a garin Al-Ula. Ƙasashe ne masu harshe ɗaya, addini ɗaya, arziki iri ɗaya, amma gardamar inda za a gina ofis ta isa ta tsayar da aikin shekara da shekaru.

A 2007, lokacin da dalar Amurka ta yi rauni, manyan masu jari sun zuba kuɗi masu yawa cikin riyal da dirhami suna jiran a ɗaga darajarsu. Ba a ɗaga ba. Saudiyya ta riƙe farashin da ta tsayar tun 1986, riyal 3.75 a dalar Amurka ɗaya. Wannan ya shafi maniyyacin Arewa kai tsaye, domin riyal yana ɗaure da dalar Amurka, sefa kuma tana ɗaure da yuro tun 1999, a kan kusan sefa 656. Saboda haka farashin riyal a hannun alhaji ba a Makka ake yanke shi ba, ba kuma a Yamai ba. Kokawar yuro da dala ce ke yanke shi. A tsakiyar 2008, da yuro ya yi ƙarfi, riyal ɗaya ya sauko wajen sefa 110, dala ashirin da biyu ke nan a ƙidayar kasuwa. A Satumban 2022, da yuro ya faɗi ƙasa da dalar Amurka, riyal ya haura sefa 180, dala talatin da shida. Wanda ya sayi guzurinsa da wuri domin ya san abin da ya rage masa yana da hujja. Wanda ya saye domin ya sayar wa alhazan baɗi, ya shiga kokawar da ko manyan bankunan Turai ba su san wanda zai yi kaye ba.

Haɗin kai na gaskiya, inda aka yi shi, yana da amfanin da ake gani da ido. A ƙarshen 2004 bankin BCEAO ya janye tsofaffin takardun sefa samfurin 1992, bayan fashin da aka yi a rassansa na ƙasar Kodibuwa. An sha wahalar layi, mutanen ƙauye sun yi tafiya mai nisa, amma ɗan Nijar ya canza takardunsa a cikin Nijar, ba wanda ya rufe masa iyaka, domin kuɗin na ƙasashe takwas ne bisa yarjejeniya. Tsakanin sefa da naira babu irin wannan yarjejeniya. Kuɗin bai ɗaya na ƙungiyar CEDEAO, wanda aka raɗa wa suna Eko, an sa masa rana an ɗage sau da yawa, daga 2020 aka mayar da shi 2027, Nijar da Mali da Burkina Faso kuma sun fice daga ƙungiyar a Janairun 2025 ba tare da ficewar ta taɓa zamansu cikin UEMOA ba.

A Oktoban 2022, Buhari yana mulki karo na biyu, babban bankin Nijeriya ya sake ba da sanarwar canza takardun naira 200, 500 da 1,000, ya sa wa'adi ƙarshen Janairun 2023, daga baya ya ƙara kwana goma. Masu naira a wannan gefen iyaka suka tuna da 1984, suka yi ta neman rabuwa da tsofaffin takardu ko da asara, sababbin kuwa sun yi wuyar samu har a cikin Nijeriya. Ranar 3 ga Maris 2023 kotun ƙoli ta Nijeriya ta yanke hukunci cewa tsofaffin takardun su ci gaba da aiki. Wanda ya zubar da nasa da arha a Fabrairu, a ƙarshen Maris ya ga ana karɓarsu a kasuwa bisa cikakken farashinsu. Wanda ya riƙe nasa yana murna, a watan Yuni sabuwar gwamnatin Bola Tinubu ta saki naira, dalar Amurka ta tashi daga wajen naira 460 zuwa fiye da 700 a farashin banki cikin ƴan kwanaki.