Jami'ar Tahoua: Yadda karatun gaba da bak ya matso kusa da 'yan Adar

Kafin shekara ta 2010, duk yaron da ya ci jarrabawar bak a Madaoua, Bouza ko Keita, hanyar jami'ar gwamnati ɗaya ce a gabansa: ya hau mota zuwa Yamai. Daga birnin Tahoua tafiyar ta haura kilomita 500. Ga ɗan ƙauye kamar Azarori, abin bai tsaya a kuɗin mota ba, sai an nemi gidan da za a sauka, da wanda zai riƙe shi, da abin da zai ci kafin kuɗin tallafin ɗalibai su fito. Iyaye da yawa ba su yarda su tura 'ya mace wannan nisa ba.

Jami'ar Yamai ta fara ne a 1971 a matsayin cibiyar karatu mai zurfi, ta zama cikakkiyar jami'a a 1973, aka sa mata sunan Abdou Moumouni a 1992. Kusan shekara 40 ita kaɗai ce jami'ar gwamnatin Nijar, sai ta Musulunci da ke Say, wadda ƙungiyar ƙasashen Musulmi ta OIC ta kafa. Ɗalibai suna ta ƙaruwa, azuzuwa da ɗakunan kwana kuwa ba sa ƙaruwa yadda ya kamata.

Wannan cunkoso ne ya sa a 2006, zamanin Shugaba Tandja Mamadou, aka kafa cibiyoyin koyon fasaha da ake kira IUT a Maraɗi, Tahoua da Damagaram, ƙarƙashin jami'ar Yamai. Ta Tahoua ta fi karkata ga harkokin kasuwanci da tafiyar da kamfanoni. A 2010, lokacin mulkin riƙon ƙwarya na Salou Djibo, aka mayar da garuruwan uku masu jami'o'in kansu. A 2014 aka ƙara wasu huɗu a Agadez, Diffa, Dosso da Tillabéri, ta yadda kowace jiha ta samu tata.

Jami'ar Tahoua ta tashi da tsangayar shari'a, tattalin arziki da gudanarwa, wadda ɗalibai suka fi sani da FADEG. Daga baya aka samu tsangayar ilimin koyarwa da ta aikin gona. Ana bin tsarin LMD, wato lisans shekara uku, masta biyu, sannan dakta.

A yau tana ɗauke da sunan Farfesa Djibo Hamani, kuma zaɓin ya dace. Shi ne masanin tarihin da ya wallafa littafi a 1975 kan Adar kafin zuwan Turawa, ya kuma yi rubutu mai zurfi kan masarautar Abzin. Ɗalibin da ya fito daga Keita ko Bouza yana shiga makarantar da aka sa wa sunan mutumin da ya zauna ya binciko tarihin kakanninsa.

Sai dai inda za a auna amfanin jami'ar shi ne gona. Jihar Tahoua na da mutane sama da miliyan 3 a ƙidayar 2012, kuma an san ta da abubuwa biyu: albasa da cirani. Albasar Galmi da ta kwarin Madaoua tana kaiwa kasuwannin Abidjan da Accra, amma har yanzu manomi na sayar da ita da arha lokacin kaka saboda ba shi da wurin ajiyar da zai hana ta ruɓewa. A Keita kuma, tun 1984 aka fara babban aikin farfaɗo da ƙasa da tallafin Italiya da hukumar FAO, inda mata suka yi ta ɗaukar duwatsu ana tare ruwa a kan tuddai. Yawancin rahotannin wannan aiki ƙwararrun waje ne suka rubuta su. Yanzu da akwai tsangayar aikin gona a cikin jihar, ɗan Azarori na iya yin binciken kammala karatunsa a kan gonar mahaifinsa, kuma a ganina nan ne ya kamata hukumomi su fi zuba kuɗi.

Matsalolin Yamai dai sun biyo jami'o'in jihohi. Jinkirin kuɗin tallafin ɗalibai daga hukumar ANAB kan jawo ƙaurace wa azuzuwa ƙarƙashin ƙungiyar USN. Ƙungiyar malaman jami'a SNECS ta sha yajin aiki a 2018 da 2019 kan wanda ke da hurumin zaɓen shugabannin jami'o'i, abin da ya dagula kalandar karatu a ƙasar baki ɗaya. Idan lisans na shekara uku ya ja ya wuce haka, saurayin da tsaransa ke aiko da kuɗi daga Libiya ko Kodebuwa yakan fara lissafi, iyayensa ma haka.

Akwai kuma batun harshe. A 2025 kundin sake gina ƙasa ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, Faransanci da Ingilishi suka zama na aiki. Amma a azuzuwan jami'ar Tahoua har yanzu da Faransanci ake koyar da shari'a da aikin gona, alhali wanda ya gama zai koma ne ya yi wa manoman Tarka da Majiya bayani da Hausa ko Buzanci.