Ina ƙarfin inji ke tafiya idan aka tsayar da shi?

A hutun da ya wuce na riƙa zuwa shagon kawuna mai sana'ar sassaƙa ƙarfe. Injinsa yana damƙe ƙarfe ya juya shi da gudu, shi kuma ya kanga masa wuƙa har ya fito daidai awon da ake so. Abin da ke juya injin shi ne moto. Ba motar hawa nake nufi ba, moton lantarki.

Wata rana kawu ya danna maɓallin tsayawa, sai wani akwati da ke jikin bango ya nuna haruffan OV, injin kuwa ya ci gaba da juyawa shi kaɗai har ya gaji don kansa. Kawu ya ce, "Ka gani ko? Ya sake yin fushi." Na yi ta tambaya har na gane dalilin fushin.

Sunan akwatin VFD, masu aiki kuma suna ce masa inbata. Wutar da ake kawo mana a Najeriya tana kai da komo sau 50 a daƙiƙa ɗaya, shi ne ake rubuta 50 Hz. Gudun moto yana bin wannan lambar. A farantin da ke jikin moton kawu an rubuta 1440, wato zagaye 1440 a minti. Idan aka mai da wutar 25 Hz, gudun zai koma kusan rabi. Aikin VFD ke nan: ya karɓi wuta, ya miƙar da ita ta bi hanya ɗaya, ya tara ta a wata ma'ajiya da ake kira kafasito, sannan ya sake fitar da ita da saurin kai da komon da mai aiki ya zaɓa.

To, matsalar tana wajen tsayawa. Duk wanda aka taɓa aika niƙa ya san ko an kashe injin niƙa ba ya tsayawa nan take, domin abu mai nauyi da ke juyawa yana ɗauke da ƙarfi. Idan aka ninka gudu sau biyu, ƙarfin nan sau huɗu yake ninkuwa. Lokacin da VFD ya rage saurin wuta don ya tsayar da inji, nauyin ƙarfen sai ya koma shi ke jan moto. Moton da ake ja kuwa janareta ne, kamar dainamon fitilar keke. Sai ya fara tura wuta baya, zuwa cikin akwatin.

Wutar nan ba ta da hanyar komawa waya, saboda a yawancin akwatunan ƙofar shiga ce kawai. Sai ta taru a kafasito kamar ruwa a randa. Akwatin da ke shan bolt 230 yakan riƙe kusan 325 a cikinsa. Idan ya doshi 400, sai ya kashe kansa don kada ya ƙone, ya saki moto. Ma'anar OV ke nan: wuta ta yi yawa. Ni a ganina ba fushi ba ne, wayo ne.

Maganin shi ne rezistan birki. Waya ce ta musamman a cikin gidan ƙarfe, irin wadda ke sa dutsen guga na lantarki zafi. Da randa ta kusa cika, wani makunni a cikin VFD zai buɗe wa wutar hanya zuwa rezista, ta zama zafi ta bi iska. A nan ne dokar Ohm da muka yi a aji ta yi mini rana. Bolt 400 a raba da om 100, za a samu amfiya 4. A ninka 400 da 4, wat 1600 ke nan, amma na 'yan daƙiƙu kawai. Abin da ya ɗaure mini kai da farko: ƙaramin om shi ke ba da birki mai ƙarfi, domin wuta ta fi wucewa. Sai dai kowane VFD yana da om ɗin da ba a sauka ƙasa da shi, an rubuta a littafinsa. Wanda ya sauka zai ƙona makunnin. Wasu akwatunan ma ba su da makunnin, sai an sayo daban.

Wajen saiti, ana fara shigar da abin da ke farantin moto: bolt, amfiya, Hz da zagaye. Sannan a sa daƙiƙun tashi da na tsayawa. Kawu ya sa tsayawa a daƙiƙa 1, kuma babu rezista. Da ya mai da ita 6, OV ba zai fito ba, kuma ko kwabo ba zai kashe ba. Amma ya ce mini, "Yaro, ranar da inji ya kama hannun rigar mutum, daƙiƙa 6 shekara ce." Shi ya sa ya kira mai gyaran lantarki ya ɗaura rezista, aka sa daƙiƙa 2. Duk da haka, idan aka ɗauke wuta ana cikin aiki, yawanci wannan birkin ba ya kamawa, don haka kawu bai daina naɗe hannun riga ba.

Mai gyaran bai taɓa akwatin ba sai da ya kashe wuta, ya jira minti 10, ya kuma auna da mita, domin kafasito yana riƙe wutar da za ta iya kashe mutum ko bayan an cire waya. Rezistan kuma ya kafa shi can sama inda iska ke bugawa. Aikin da aka ba ni a ranar shi ne kwashe tsummokaran mai da ke ƙarƙashinsa.