Yadda ake ceton abincin biki a Riyadh

A Riyadh ba a kawo abincin biki da wuri. Sai dare ya yi nisa ake shigo da manyan farantai na shinkafar kabsa, kowanne da naman rago a kansa, baƙi su ɗan taɓa su tashi, wasu farantan ma ko hannu ba a sa musu ba. Binciken da hukumar hatsi ta Saudiyya ta fitar a 2019 ya nuna kusan kashi 33 cikin ɗari na abincin ƙasar asara yake tafiya, abin da ya kai kimanin riyal biliyan 40 a shekara, alhali kuwa yawancin abincin daga waje ake sayo shi. Kowa ya san almubazzaranci haramun ne, an sha wa'azi a kansa. Abin da aka rasa shi ne wanda zai tsaya a bayan zauren biki da ƙarfe ɗayan dare riƙe da mazubi.

Wannan giɓin ƙungiyar Iɗ'am ta cike. Wasu 'yan kasuwa ne suka kafa ta a Dammam a 2011, suna koyi da bankin abinci na Masar, daga baya ta buɗe reshe a Riyadh. Mai biki zai sanar da ita tun kafin ranar. Ma'aikata su zo da safar hannu da hular kai, su ware abin da ba a taɓa ba, su zuba a ƙananan mazubai masu murfi, mota ta kai wa gidajen da aka riga aka tantance. A ganina wannan shi ne asalin abin da ake kira sabuwar dabarar gyara al'umma: ɗabi'ar da mutane suka riga suka yarda da ita ce aka yi wa tsari, da lokaci, da wanda za a tambaya idan abu ya lalace.

Wani zai ce ba talaka ragowa ƙasƙanci ne. Maganar tana da nauyi, amma a kwatanta abinci mai tsabta da aka kai har gida a rufe da yaron da ke tsaye bakin ƙofa da roba yana jiran a suɗe a miƙo masa. Tsarin ne ya kare mutuncin. Zargin da ya fi ƙarfi shi ne cewa aikin yana wanke zuciyar mai almubazzaranci, gobe ya ƙara yanka raguna tunda ya san akwai mai kwashewa. Gaskiya ne, kwasar ragowa ba ta rage girki, shi ya sa ƙungiyar ta haɗa da wayar da kai a makarantu, kuma nan ne aikin ya fi wuya, domin a idon mai gida ƙarancin abinci gaban baƙo abin kunya ne.

Akwai kuma masu cewa a Saudiyya komai daga sama yake saukowa. Tabbas shirin ƙasar na 2030 ya sa burin samun 'yan sa-kai miliyan ɗaya a shekara, kuma babu ƙungiyar da ke aiki ba da lasisin hukuma ba. Sai dai Iɗ'am ta girmi wannan shiri da shekara biyar. Hukuma ta tarar da aikin ne yana tafiya.

Mu a Kano ko Maraɗi ba mu da kuɗinsu, wutar da za ta riƙe firji ma ba ta tsayawa. Amma tazarar da ke tsakanin gidan biki da tsangaya ko bakin asibiti sau da yawa ba ta wuce tafiyar A Daidaita Sahu ba, kuma mutanen da suka iya gayya da adashi ba za su kasa ajiye littafin sunaye da lambar waya ɗaya da mai biki zai kira ba.