Daga Gombe Zuwa Rumsiki: Ƙetare Iyaka Don Hawan Dutse

Hawan dutse a matsayin wasa ya bambanta da hawan tudu da manomi ko makiyayi ya saba yi, domin mai wannan wasa yana neman fuskar dutse ce wadda ta miƙe kamar bango, ya bi ta da yatsu da tafin ƙafa, yana ɗaure da igiya a wata ɗamara da ta kama ƙugu da cinyoyi. A ƙasa kuwa akwai abokin hawa, wato mai riƙon igiya, wanda yake sakinta kaɗan-kaɗan, ya kuma danne ta da zarar na sama ya zame. Ga mazaunin Gombe da ke sha'awar irin wannan hawa a wajen Nijeriya, ɗaya daga cikin wurare mafi kusa shi ne Rumsiki, wani ƙauye a tsaunukan Mandara da ke Jihar Arewa Mai Nisa ta Kamaru, 'yan kilomitoci kaɗan daga iyakar Jihar Adamawa.

Duwatsun Rumsiki suna tsaye ɗaiɗai kamar turaku, kuma asalinsu aman wuta ne: narkakken dutse ya daskare a maƙogwaron tsaunin da ke fitar da shi, sannan ruwa da iska suka shafe miliyoyin shekaru suna cinye abin da ke kewaye, har gimshiƙin tsakiya ya rage shi kaɗai. Mafi shahara a cikinsu, Dutsen Kapsiki, tsayinsa ya kai mita 1,224 daga saman teku. Mutanen wurin, Kapsiki, 'yan'uwan Kamwe ne na Michika, iyaka ce kawai ta raba su, kuma matafiya sun daɗe suna zuwa ganin masu dubansu da ke aiki da ƙaguwa.

Hanyar mota iri biyu ce. Ɗaya ta bi ta Kumo da Billiri da Kaltungo zuwa Numan da Yola, sannan Song da Gombi. Ɗayar ta bi ta Dadin Kowa da Biu da Garkiɗa ta faɗa Gombi, daga nan kuma a nufi Hong da Mubi, a ƙetare iyaka ta Sahuda zuwa Bukula a Kamaru, sannan a ƙarasa Rumsiki.

A bakin iyaka ne mafi yawan masu shiri suke tuntuɓe, saboda sun ɗauka shiga Kamaru daidai yake da shiga Binin ko Gana. Kamaru ba ta cikin ƙungiyar ECOWAS, don haka inshorar mota ta ƙungiyar ba ta aiki a can, sai direba ya sayi wadda ƙasashen Afirka ta Tsakiya suka yarda da ita. Ana buƙatar fasfo, da katin rigakafin cutar shawara, da cikakkun takardun mota, da takardar kwastan ta shigar da mota na wucin gadi, wadda jandarmomi za su iya tambaya a kowane shinge. Kuɗin ƙasar sefa ne, amma na Afirka ta Tsakiya, ba irin na Nijar ba. Bagombe yana da wata sa'a a nan, domin Fulatanci yana biyan buƙata a kasuwannin arewacin Kamaru ko da mutum ba ya jin Faransanci.

Batun tsaro ya fi duk waɗannan nauyi. A Fabrairun 2013 aka sace wasu iyalin Faransawa a kusa da Waza, a Oktoban 2014 kuma Mubi ta faɗa hannun Boko Haram na ɗan lokaci, abin da ya durƙusar da yawon buɗe ido a yankin baki ɗaya. Bai kamata a kama hanya ba sai an ji halin da ake ciki daga hukumomin ɓangarorin biyu, kuma tafiyar dare ba ta da wani uzuri.

Lokacin hawa shi ne daga Nuwamba zuwa Fabrairu, da sassafe, domin da damina dutse santsi gare shi, da bazara kuwa kafin hantsi ya yi zafin da tafin hannu ba zai jure ba. Hular kwano wajibi ce saboda ɓaraguzan da ke gangarowa, kuma tsagar da ta yi daɗin kamawa sau da yawa ita ce gidan ƙudan zuma. Haka nan wasu duwatsun suna da alfarma a al'adar mutanen wurin, sai da izinin mai gari da rakiyar ɗan ƙasa ake kusantarsu.

Abin mamaki shi ne matafiyin da ya bi ta Kaltungo yakan wuce Dutsen Tangale, wanda shi ma gimshiƙin aman wuta ne, ga kuma tuddan Tula da Dutsen Bima na kusa da Dadin Kowa. Wanda bai riga ya koyi ƙullin igiya da riƙe abokin hawa a duwatsun gida a hannun ƙwararre ba, bai isa ya nufi Rumsiki ba tukuna, komai cikar takardunsa.