Salansa Kwatar Mota Ce

Kowa da ikon gidansa. Ka yi wa zaure fenti, ka sa ƙofar ƙarfe, ka shimfiɗa tayil a tsakar gida, ba mai ce maka uffan. Amma ranar da ka fasa kwata ka sako ruwan wanke-wanke cikin lungu, magana ta zama ta unguwa, kuma a zamanin duba-gari sai ka yi bayani.

Da wannan idon dokar Amurka take kallon salansar mota. Matashi na iya sauya bututun ƙarshe ya sa mai ƙyalli, mai faɗin baki, muddin ƙarar ba ta wuce kima ba. A jihar Kalifoniya iyakar ƙananan motoci desibel 95 ce. Abin da aka hana taɓawa yana can tsakiyar bututun: wata tukunya mai ƙananan ramuka kamar saƙar zuma, wadda makanikanmu ke kira indomi. Tun 1975 ake sa ta a yawancin sababbin motocin Amurka. A cikinta akwai ƙarafa masu tsada irin su filatinom, su ne ke juya gubar hayaƙi ta koma iska mai sauƙin illa kafin ta fito. Cire ta laifi ne a dokar tarayya, ko da motar taka ce ka biya da guminka.

Manya ma ba su tsira ba. A ƙarshen 2023 kamfanin Cummins ya amince ya biya tarar dala biliyan 1.675 kan na'urorin da ke kauce wa gwajin hayaƙi a injinan motocin Ram. A Ingila kuwa, tun 2014 motar dizal da aka cire wa matacin baƙin hayaƙi ba ta cin jarrabawar lafiyar mota ta shekara-shekara.

Masu cirewa suna cewa mota ta fi numfashi, ta fi gudu. To, kwatar da aka fasa ma ai ta fi saurin kwarara. Tambayar ita ce ƙofar wa take malalawa. Hayaƙin ba ya komawa wurin direban da ya rufe gilashi ya kunna esi. Mai tallan awara a bakin titi ke shaƙarsa, da ɗan adaidaitan da ke biye.

A nan gida sau da yawa ba don gudu ake cire indomin ba, don a sayar ne, wani lokacin mai motar bai ma sani ba. In za ka sayi 'yar Kwatano, sa makanikin da ka yarda da shi ya leƙa ƙarƙashinta kafin ka biya.