Wa Ya Raɗa Wa Zago Sunan Boko?

Wani manomi daga karkarar Funtuwa ya aiko mana da takarda. Ya ce malamin gona ya zo gonarsa, ya dubi suri, ya kira garar da ke ciki da wani dogon suna mai karya harshe. Yana tambaya: wa ya raɗa wannan suna, kuma ita ce ke cinye masa gyaɗa?

To malam, mun gode da wannan tambaya. Sunan da ka ji, in surin dogo ne mai tsini wanda ya fi mutum tsawo, shi ne Macrotermes bellicosus. Mu kuwa zago muka sani, masu fiffiken da ke fitowa da farkon damina yara suna kamawa a soya kuma mu ce shinge. Duk 'yan gida ɗaya ne.

Masana suna ba kowace halitta suna biyu, na farko na dangi, na biyu na yanka. Wani mutumin Suwidin, Linnaeus, shi ya kafa wannan tsari, a 1758 kuma ya kira dangin gara Termes, kalmar Latin mai nufin tsutsar da ke cin itace. A 1771 wani Baturen Ingila, Henry Smeathman, ya sauka a Saliyo, ya yi wajen shekara huɗu yana tara ƙwari yana fasa suri. A 1781 aka buga bayaninsa a Landan. Ya ga yadda masu manyan kawuna ke fitowa a fusace da zarar an taɓa gidansu, su ciji mutum har jini, sai ya kira ta Termes bellicosus, wato gara mayaƙiya. Duk wanda zago ya taɓa kama wa yatsa ya san Baturen bai yi ƙarya ba.

Da iri suka yi yawa, a 1909 wani mutumin Suwidin kuma, Holmgren, ya ware manyan ya kira su Macrotermes, ma'ana babbar gara. A 1925 wani Ba'amurke, Emerson, ya kawo sunan Bellicositermes, Faransawa suka riƙe shi shekara da shekaru. Nan fa aka shiga ruɗani. Zagon namu na Afirka ta Yamma aka riƙa rubuta shi da sunan natalensis, alhali mai wannan suna tana can kudancin Afirka. Sunan bellicosus kuwa aka ɗora wa wata 'yar'uwarta mai gajeren suri. Kamar a ce an yi musayar jarirai ranar suna. Sai a 1970 wani masani mai suna Ruelle ya bi samfuran da aka adana, ya mayar wa kowa sunansa: mai dogon suri ita ce bellicosus, ɗayar kuwa subhyalinus. Saboda haka mai karanta tsohon littafin aikin gona sai ya yi hattara.

Wani abin mamaki, Turawa sun daɗe suna ce wa gara farar tururuwa, amma ba su haɗa dangi ba. Binciken da aka buga a 2007 ya tabbatar da cewa gara 'yar'uwar kyankyaso ce, yanzu ma a rukuni ɗaya ake lissafa su. Irin gara a duniya sun kai wajen 3,000.

Yanzu ga inda zancen ya shafi gonarka. Zago abincinsa mafi yawa busasshen itace ne da ganye da kara. Yana kai su cikin suri ya noma wata irin fumfuna, dangin naman kaza, da ita yake ciyar da gida. Ban wanke shi sarai ba, don yakan ci jinka da dashen itace, wani lokaci ya sare masara. Amma binciken da aka yi a arewacin Nijeriya, musamman a Mokwa a shekarun 1970, ya nuna cewa babbar mai ɓarna a cikin shuka ita ce wata 'yar ƙarama mai suna Microtermes. Ita ba ta gina suri. A ƙarƙashin ƙasa take, ta shiga ta saiwa ta rarake gyaɗa daga ciki, sai dai ka ga ganye ya yi yaushi.

Don haka kafin ka kashe kuɗin magani ka zuba a suri, tumɓuke gyaɗar da ta yi yaushi ka tsaga saiwar. In ka tarar da rami cike da ƙasa da 'yan ƙananan gara farare, to ɓarawonka ba a suri yake kwana ba. Ka kai wa malamin gona saiwar ya gani da idonsa. In ruwa ya ɗauke kuma, kada ka bar gyaɗa ta daɗe a ƙasa bayan ta nuna, don lokacin ne ɓarnar ke tsananta.

Da fatan mai tambaya ya gamsu.